Rakiya Har Gindin Gawo

Ba a daɗe da rasuwar maigidana ba zuciyata ta fara ba ni wahala. Lokacin na riga na yi ritaya daga koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, na saki gidan haya na koma gidan babban ɗana a nan Dogon Dutsi. Ni 'yar Kore Mairuwa ce, aiki ne ya kawo mu garin nan, kuma a duk shekarun da na yi cikinsa ɗalibai na tara, ban tara ƙawaye ba. Ban san haka abin yake ba sai da aka gama zaman makoki, kowa ya kwashi tabarmarsa ya tafi.

Da farko numfashi ne yake gaza mini in na ɗauki buta zuwa bayan gida. Daga baya ƙafafuna suka kumbura har takalma suka ƙi shiga. Ɗana ya ɗauke ni a bayan babur ya kai ni likita. Lokotoron, wani matashi ne sa'an ɗana, ya auna ni ya ce tansiyo, wato jini, ya hau, zuciya kuma ta gaji. Ya rubuta magani, ya hana ni gishiri da kanwa, sannan ya ajiye alƙalami ya ce akwai sauran magani ɗaya da ba a sayarwa a kanti, shi ne in riƙa tafiya da ƙafa kullum.

Dariya na yi masa. Na ce, "Lokotoro, ni da na zo maka ina haki, tafiya za ka ƙara mini?"

Ya ce, "Madam, ba gudu na ce ba, ba kuma tafiyar amarya ba. Ki yi sauri daidai yadda za ki iya hira da na kusa da ke. In kika ji maganarki ta fara yankewa, ki rage. In ƙirji ya ɗaure ko kai ya juya, ki tsaya, ki zo wurina. Amma in kika bi ta kujera, ƙwayoyin nan su kaɗai ba za su riƙe ki ba."

Na yi shekaru ina faɗa wa yara su bi abin da aka ce musu, don haka ni ma na bi. Washegari bayan la'asar na yafa mayafi, na zura silifas ɗin marigayi da yake su kaɗai ƙafata ta yarda da su, na fita. Ban kai bakin kwalta ba ɗan kabu-kabu ya ci birki a gabana. Tsohon ɗalibina ne, wanda na sha jan kunnensa a kan lissafi.

"Madam, ina za ki? Hau in kai ki."

Na ce, "Ba ko'ina."

Ya dube ni, ya dubi silifas ɗin maza a ƙafata. "Madam, ko sisi ba ni amsa. Hau don Allah."

Na ce masa ya kama gabansa. Kafin in kai tasha wasu sun sake tsayawa, kowa da tambayarsa guda, ni kuma da amsata guda. A nan na yi wauta, ga karatu ga furfura. A garinmu tsohuwa ba ta tafiya haka kawai. Ko dai za ta barka, ko gaisuwar mutuwa, ko dubiya, ko kasuwa. Wadda aka tambaya ina za ta ta ce ba ko'ina, kuma aka sake ganinta gobe a kan hanyar nan tana tafe tana waige ba kaya a kai, to an san sunan abin da ke damunta. Ga shi mijina bai daɗe da mutuwa ba, ga takalmansa a ƙafata. Ni da kaina na haɗa musu labarin, su ɗauka kawai suka yi.

Ba a jima ba wata maƙwabciya ta shigo da ƙullin turare a bakin zane, ta zauna tana kallona da tausayi. Ta ce wa matar ɗana, a gabana kamar ba na wurin, "Wagga ba tahiyar lahiya ba ta. Doguwa ta ka jan ta. Ku turara mata tun ba ta kai ta dutsi ba." Na ce mata ta je ta turara wa bakinta. Ta fita tana girgiza kai, don a wurinta faɗan da na yi ma wata shaida ce.

Da na so a ce ɗana faɗa ya yi mini, da na san yadda zan yi da shi. Yana sayar da kayan babur a kasuwa, yana cikin matasan nan masu ɗage wando da tsayar da gemu, kuma yaro ne mai biyayya tun yana ƙarami. Ya shigo ɗakina bayan sallar magariba, ya durƙusa har ƙasa.

Ya ce, "Inna, ni ban yarda da zancen doguwa ba, kin sani. Amma kasuwa dut maganarki aka yi. Wasu na cewa iska na, wasu na cewa na gaza biya miki kabu-kabu. Kuma mace ta hita ba buƙata, shi ma ba daidai ba ne. Ga tsakar gida nan. Don Allah ki ruhwa mani asiri."

Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kira, balle in zauna ina ja-in-ja da shi. Na ce to. Na koma zagayen tsakar gida, daga bakin ɗakina zuwa turken awaki, daga turken zuwa igiyar shanya, in dawo. Ba na yin nisa sai bango ya tare ni. Matar ɗana, yarinya mai kirki ga goyo ga ciki, duk zagayen da na yi sai ta turo mini kujera ta ce, "Inna, ki huta haka nan." Awakin ma tsayawa suke yi suna kallona, da alama suna mamakin wadda ba a ɗaure ba take irin yawonsu. A hankali na bari. Na zauna a kan kujerar da ake turo mini, daga la'asar har inuwa ta cinye tsakar gidan, ina jin hayaniyar gari ta bayan katanga. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba, a cikin gida cike da mutanen da suke ƙaunata.

A kan bencin likita na haɗu da ita, ranar da na koma awo. Tsohuwa ce ta girme ni, siririya, da tsagen Arewa daga gefen baki har kunne. 'Yar Kiéché ce, ta yi rayuwarta tana matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, sai ciwo irin nawa ya kawo ta gidan ɗiyarta a can gindin dutse. Ba ta san ni ba ta leƙa takardar hannuna ta ce, "Ke ma an hana ki gishiri? To mi ya rage a duniya?" Kafin a kira ta ta ba ni labarin mijinta, da surukinta, da akuyarta da ta bari ƙauye. Da ta ji na koyar a lakwal sai ta laƙaba mini Madam, ni kuma na ce mata Yaya. Ta tambayi unguwarmu, na kwatanta mata don kada in yi rashin kunya, ban ɗauka za ta zo ba.

Sai ga sallamarta wata la'asar. Ta sha ruwa, ta ƙi fura, ta yi wa jaririn wasa, ta ce za ta koma. Na ɗauki mayafi don in raka ta, kamar yadda kowace mace take raka baƙuwarta. Niyyata in kai ta bakin lungu in ce ta gai da gida. Amma a bakin lungun tana tsakiyar labarin yadda aka sace mata kasko ranar kasuwa, kuma ba a sallamar mutum da rabin labari a bakinsa. Muka tsallaka kwalta. Wani ɗan kabu-kabu ya rage gudu ya ce, "Madam, ina zuwa?" Na ce, "Rakiya." Ya ce, "To, a dawo lahiya," ya wuce abinsa. Ko waiwaye bai yi ba.

Ban farga ba sai ga mu a ƙofar gidan ɗiyarta. Na ce, "La ila, Yaya, na kawo ki har gida."

Ta ce, "To yanzu ke ce baƙuwa. In bar ki ki koma ke ɗai? Mutane su ce mi?"

Muka juya. Akwai wani gawo a tsakanin unguwarsu da tamu, inda hanya take gangarowa daga gindin dutse. A nan muka tsaya, muka dubi juna, muka fashe da dariya har sai da kowa ta dafa itacen. Ita ma ashe lokotoron ya ce ta yi tafiya, ita ma ɗiyarta ta hana, wai mai ciwon zuciya kwanciya ce maganinsa. Ba mu ƙulla komai da baki ba. Ta ce, "Gobe ina tahowa in gaishe ki." Na ce, "Allah Ya kai mu."

Haka muka kama. Wata rana ita ce baƙuwa, wata rana ni. A zauna kaɗan don a cika sharaɗi, a sha ruwa, sai a ɗauki mayafi. Mai gida ta kai baƙuwa har ƙofa, baƙuwa ta mai da mai gida har gindin gawo, sannan kowa ta ƙarasa nata guntun ita kaɗai. Wannan guntun ma ba a tambaya, don duk unguwa ta san daga rakiya kike. Maƙwabciyar nan mai turare har ta faɗa wa mutane cewa iskar ta sake ni, kuma turarenta ne ya yi aiki, alhali ƙullin yana nan a bayan randa ba a kwance ba.

Ɗana ba wawa ba ne, ya gane tun da wuri. Ya kuma ji cewa gidan su Yaya a Kiéché gidan bori ne tun kakanni, ya ɗan ɗaure fuska. Amma baƙuwar da ta yi sallama, ta nemi buta da tabarma in lokacin salla ya yi, ba a korarta. Raka baƙo kuwa shi da bakinsa yake cewa ladabi ne na addini. Abin da yake nema dama amsar da zai ba mutanen kasuwa ne, ya kuwa samu. In an ce an ga Inna a bakin kwalta, sai ya ce, "I, rakiya ta yi." Har takalman roba masu taushi ya sayo mini, ya ajiye a bakin ƙofata.

Maganar lokotoro ta awon numfashi da hira kuwa, kamar don Yaya aka yi ta. Bakinta ba ya rufuwa. In na yi shiru da yawa sai ta zungure ni ta ce, "Madam, yi magana in ji. Faɗi wani abu mai tsawo, da hwaransanci ma in kin so, ni numfashin nika saurare." Ni ma haka nake yi mata. In na ji labarinta ya fara zuwa guntu-guntu, sai in ce dutse ya shiga takalmina, mu tsaya. Ta san ƙarya nake, ba ta taɓa tona ni ba.

A kan hanyar nan na faɗa mata abubuwan da ban faɗa wa kowa ba. Na ce mata har yanzu in na dafa shayi sai in ga na ɗauko kofi biyu. Ita kuma ta ce mini ɗanta namiji ya tafi cin rani kudu tun da daɗewa, a da yana kira, yanzu ya daina, wayar ɗiyarta in ta yi ƙara sai ta yi kamar ba ta ji ba don kada a ga tana jira. Ba mu rarrashi juna ba. Tafiya kawai muke yi, manyan motoci masu zuwa Ƙonni suna wuce mu, masu sayar da albasa suna gaishe mu.

Damina ta zo, gawon ya zubar da ganye kamar yadda ya saba, muka riƙa kauce wa kwatami. Kaka ta yi, ya sake tohowa. Ƙafafuna suka saɓe, na koma sa takalmana na mata. Gangaren gindin dutse da nake hawa da tsayawa, na zo ina hawansa ina ba da labari. Lokotoro ya auna ni ya ce, "Madam, me kike yi haka?" Na ce, "Rakiya." Bai gane ba, ya dai ce in ci gaba.

Ita ce ba ta samu sauƙi kamar ni ba. Tata zuciyar ta fi tawa lalacewa tun kafin mu haɗu, lokotoro ma ya faɗa mata, ya ce tafiyar za ta taimaka amma ta bi a hankali. Dutse ya riƙa yawan shiga takalmina. Na ce ta daina zuwa gidanmu, ni zan riƙa zuwa kullum, ta rako ni gawo kawai ta koma. Ta ce, "Ke ce baƙuwa kullum ke nan? Za ki cinye muna ruwan randa." Amma ta yarda.

La'asar ta ƙarshe ba ta da wani bambanci da sauran. Mun yi zancen tsadar gyaɗa. A gindin gawo ta jingina ta huta, ta ce, "Ki gai da gida, Madam." Na ce, "Su ji. Sai gobe." Na tsaya ina kallonta tana hawa gangaren a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, har ta sha kwana.

Da safe ɗiyarta ta aiko. Ta yi sallar asuba, ta koma ta kishingiɗa, shi ke nan. Ɗana ne ya kai ni a bayan babur. Na shiga cikin mata, na zauna kusa da ɗakin da ake mata wanka. Da aka gama aka fito da ita a makara, maza suka karɓa a bakin zaure. Ban san lokacin da na miƙe na yafa mayafi ba, ƙafata ce ta yi abin da ta saba. Sai da na kai ƙofar zaure wata dattijuwa ta riƙe mini hannu ta ce, "Haba, baiwar Allah, ina za ki? Nan muka tsayawa." Na sani sarai mata ba sa bin gawa. Na tsaya a nan ina leƙe, ina ganin bayan maza, har da ɗana a cikinsu, suna tafiya da ita da sauri irin wanda ba ta taɓa iya yi ba. Matar da na kai har ƙofa ba adadi, ranar da ta fi kowace rana buƙatar rakiya ban taka mata ko bakin lungu ba. Abin nan ya ci ni fiye da mutuwar kanta.

Na koma kujera. Baƙi sukan zo jefi-jefi, amma baƙin yanzu da kabu-kabu suke zuwa, yana jiransu a ƙofa, rakiyarsu ba ta wuce zaure. Matar ɗana ta haihu, ba ta da lokacin kanta balle nawa. La'asar ta zama lokacin da na fi tsana a yini. In an kira salla, na idar, sai in ji kunnena yana jiran sallama, in zauna har magariba ba wanda ya yi. Wata safiya na zo sa takalmi ya ƙi shiga. Numfashi ya dawo yana gaza mini tsakanin ɗaki da bayan gida. Lokotoro ya latsa ƙafata, yatsansa ya bar rami, ya ce, "Madam, kin daina." Na ce wadda nake rakawa ta rasu. Ya yi mini gaisuwa, ya ƙara mini ƙwaya ɗaya, sannan ya ce gaskiya zai faɗa mini, in na ci gaba da zama ba zai iya yi mini alkawarin komai ba.

Na yi kwanaki ina juya abin. Raina ya ɓaci da kowa: da garin da ba zai bar tsohuwa ta taka ƙasa ba sai da dalili, da ɗana da kunyarsa, da Yaya ma da ta tafi ta bar ni da rabin hanya. Na kuma ga cewa in na zauna don gudun bakin mutane, su ɗin nan ne za su zo su ci gumbar sadakata su ce Allah Ya jiƙan Madam, mace mai hankali. Ban ga abin da hankalin zai ƙara mini a cikin rami ba.

Ranar da na fita, Juma'a ce, ɗana bai koma kasuwa ba, yana zaune a zaure da wayarsa. Na idar da la'asar, na zura silifas ɗin babansa, na yafa mayafi. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya dubi bayana ko akwai baƙuwa. Ba kowa.

Ya ce, "Inna, wa za ki raka?"

Na ce, "Wadda kunka tahi da ita kunka bar ni bakin zaure."

Na ga idonsa ya cika. Sannan ya janye ƙafafunsa daga hanya, ya ce a hankali, "A dawo lahiya, Inna."

Tun daga ranar kullum nake fita. Akwai matsala guda da lokotoro bai hango ba, wato awon da ya ba ni sai da abokin hira, ni kuwa ba ni da shi. Don haka nake magana ni kaɗai, a fili, don in ji ko numfashina yana yankewa. Da farko lissafi nake karantawa irin na aji, sai na ga ya fi mini sauƙi in ba Yaya labari. Ina faɗa mata kuɗin gyaɗa, da haƙorin da jaririn ya fitar, da cewa har yanzu ɗanta bai kira ba. Na san abin da ake gani: tsohuwa tana tafe tana surutu da wanda ba kowa ke gani ba. Maƙwabciyata ta ce doguwar ta dawo, wannan karon har tana hira da ni. 'Yan kabu-kabu sun daina tsayawa, yara sukan ɗan kauce in na doso. Ban san abin da ɗana yake faɗa wa mutanen kasuwa ba, ban kuma tambaye shi ba.

Ƙafafuna sun sake saɓewa. Ina hawa gangaren har ƙofar gidan ɗiyarta, ba na shiga, sai in juyo. A gindin gawo nakan tsaya in dafa itacen in huta, in ce, "To, Yaya, koma haka nan." Ina ɗan jira kaɗan, don ita ce take cewa in gai da gida. Daga nan sai in gyara mayafina in kama hanya.